Tsutsa, Ƙarfe da Tsufa

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla.

Dabbar da zan yi magana a kanta yau tsawonta milimita 1 ne kacal. Tsutsa ce mai suna C. elegans, wadda masanin kimiyya Sydney Brenner ya shigar da ita ɗakin bincike a shekarun 1960. In ka ɗora ta a madubin likita, jikinta garau yake, har hanjinta kana gani tana haɗiyar bakteriya. Mako biyu zuwa uku ta tsufa ta mutu, shi ya sa masu binciken tsufa suke sonta.

To ina ruwan ƙarfe? Ƙwayar halitta ba ta iya numfashi sai da sinadarin ƙarfe, amma shi kamar garwashi ne: a murhu ya dafa tuwo, a kan tabarma ya ci gida. Ƙarfen da ke yawo sakaka yakan haɗu da wasu sinadarai ya haifar da guba mai cin kitsen fatar ƙwayar. Saboda haka akwai rumbu, furotin ne mai suna feritin, guda ɗaya yana iya kulle zarrar ƙarfe kusan 4,500. Ita tsutsar tana da iri biyu, ftn-1 da ftn-2.

A 2014 masu bincike a Cibiyar Buck ta Amurka suka nuna ƙarfe yana taruwa a jikinta in tana tsufa, kuma da aka ƙara mata shi a abinci sai kwananta ya ragu. A 2015 da 2020 ayarin Gawain McColl a Melbon ta Ostareliya suka ga abin da ya fi wannan: rumbun ne yake yoyo. Sakakken ƙarfe yana ƙaruwa, ƙwayoyi suna mutuwa irin mutuwar da aka raɗa wa suna ferotosis a 2012, wato mutuwar ƙwaya da ƙarfe ke jawowa. Da suka ba ta maganin da ke kama ƙarfen, sai ta ƙara kwana.

Amma kada ku yi gaggawa. A Landan, ɗakin binciken David Gems sun ƙara yawan feritin, tsutsa ta fi jure guba, amma ko kaɗan rayuwarta ba ta tsawaita ba. Ni dai wannan sakamakon ya fi burge ni, don ya rusa zance mai daɗin ji.

Hajiya, na ga kin ɗaga hannu, na san tambayar: ko a daina shan maganin ƙarin jini tunda akwai ƙarfe a cikinsa? A'a, mai juna biyu kada ta ajiye maganin ƙarin jinin da aka ba ta a asibiti. Tsutsar nan ko jini ba ta da shi.