Baki na Faɗa, Zuciya na So: Sirrin Miskilan Talabijin

Ku dubi yarinyar nan. Shekararta tara, kullum fuska a murtuke, girarta a haɗe kamar an ja layi da gawayi. A cikin aji takan tauna takarda ta dunƙule ta harbi ƙeyar yaron da ke gabanta. In ya waiwayo sai ta daka masa tsawa, ta kira shi mai kan ƙwallo. Duk makarantar an san ta tsane shi.

To amma ku biyo ta bayan an tashi. Da ta faki idon mutane sai ta laɓe bayan kwandon shara, ta zaro wata 'yar sarƙa mai siffar zuciya daga cikin rigarta. Hoton yaron nan ne a ciki. Nan take muryar da ke tsawa ɗazu ta yi laushi, ta shiga jero masa kalaman so kamar mai karanta waƙa. A gida kuwa, can cikin wurin ajiye tufafinta, ta gina mutum-mutuminsa da cingam ɗin da ya tauna ya yar.

Sunanta Helga Pataki, yaron kuma Arnold, daga zane mai motsi na Hey Arnold! wanda tashar Nickelodeon ta Amurka ta fara nunawa a 1996. A bidiyon nan za mu yi magana ne kan ita da 'yan'uwanta, mutanen talabijin da bakinsu ke zagi alhali zuciyarsu ta riga ta narke.

Mutanen Japan ne suka raɗa wa wannan hali suna, suka ce tsundere. Kalmar ta zauna daram a harshenmu kamar tamu ce, amma haɗin kalmomi biyu ne na Japananci. Tsun-tsun shi ne mutum ya kau da kai, ya ɗaga hanci, ya yi maka kallon banza. Dere-dere kuwa shi ne narkewa da shagwaɓa irin ta wanda so ya kama. A farkon shekarun 2000 kalmar ta bazu a intanet tsakanin masu buga wasannin kwamfuta na labaran soyayya, daga nan ta tsallaka zuwa anime, wato zanen Japan mai motsi. Da farko tana nufin wanda ya fara da ƙiyayya, a hankali a hankali ya sauko har ya kamu. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa, ta haɗa da wanda ke kai-komo tsakanin halin biyu a rana guda: a gaban jama'a harara, in an keɓe kuma sai kunya da sanyin murya. Akwai ma jimlar da aka san su da ita. Za ta miƙa masa abincin da ta kwana tana dafawa, tana kallon gefe, kumatu sun yi ja, ta ce kada ya ɗauka don shi ta yi, ragowa ce kawai.

Sunan ne sabo, halin kam ya daɗe. Tun a ƙarshen ƙarni na 16 Shakespeare ya rubuta Beatrice da Benedick, waɗanda ba sa haɗuwa sai sun yanka wa juna magana, ƙarshe kuma suka yi aure. A Japan ɗin ma, Akane ta cikin Ranma ½, wanda ya hau talabijin a 1989, ta jima tana bugun saurayinta kafin a ƙirƙiro kalmar da za a kira ta da ita. Bayan sunan ya samu, abin ya zama kasuwa. Wata mai ara wa zane murya, Rie Kugimiya, ta yi irin wannan rawar sau da yawa, Shana a 2005, Louise a 2006, Taiga a 2008, har masoya suka naɗa ta sarauniyar tsundere.

Tambayar ita ce, me ya sa muke son su? A zahiri an ce miskili ka fi mahaukaci ban haushi. Wanda ka gaishe shi ya ja tsaki, gobe ba za ka sake ba. Amma a talabijin sai ka ga shi ne wanda ake jira ya fito.

Dalilin farko yana wurin kyamara. Ku koma kan Helga. Arnold bai taɓa bin ta bayan kwandon shara ba, mu ne muka bi ta. Mai shirya labarin ya ba mu ajiyar sirrin da jarumin bai sani ba, kuma daga wannan lokacin duk zagin da ta yi, kunnenmu wani abu daban yake ji. Ta ce masa ya ɓace mata da gani, mu kuma mun san fassarar. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a nan fuskar ce ke ƙarya, mai kallo ne kaɗai ya san gaskiya. Wannan ɗan fifikon yana da daɗi. Kana zaune kana cewa a ranka, kai yaro, buɗe idonka mana.

Akwai kuma abin da masana halayyar ɗan Adam suka gwada. A 1965 Elliot Aronson da Darwyn Linder suka yi wani bincike da ɗalibai mata a Jami'ar Minnesota. Aka shirya yadda kowace ɗaliba za ta riƙa jin wata tana faɗin ra'ayinta a kanta bayan kowace haɗuwa, ita kuma mai faɗin da ma an haɗa baki da ita. Wasu suka ji yabo daga farko har ƙarshe. Wasu suka ji suka zalla. Wasu aka fara da yabonsu aka ƙare da suka, wasu kuma aka fara da sukarsu sannan a hankali aka koma yabo. Da aka tambaye su yadda suke ji game da mai maganar, wadda aka fi ƙauna ita ce wadda ta fara da suka ta koma yabo. Har ta ɗara wadda ta yi ta yabo tun farko. Yabon da ya zo a arha ba ya nauyi. Wanda aka sha wuya kafin a same shi kuwa, mutum yakan ji kamar da guminsa ya saya.

Marubutan talabijin sun iya wannan ciniki. Ku ɗauki Vegeta na Dragon Ball Z. Ya shigo labarin a matsayin maƙiyi mai kisa, yarima mai girman kai da ba ya ganin kowa da gashi. Daga wata duniyar ya zo, ya zauna a tamu, ya haihu, amma ɗansa Trunks ya tashi bai san rungumar uba ba. Sai ranar da ya yanke shawarar sadaukar da ransa don ya hallaka wani mugun dodo, Majin Buu. Ya kira yaron, ya amsa da bakinsa cewa tun yana jariri bai taɓa rungumarsa ba, ya jawo shi jikinsa da hannu ɗaya. Bayan haka ya buge shi ya suma don kada ya ga abin da zai biyo baya. Runguma ce ta 'yan daƙiƙoƙi. Da Goku, jarumin labarin, ne ya yi ta, wanda kullum haƙoransa a waje, babu wanda zai tuna. Amma da yake Vegeta ne, an yi shekaru ana tara mata nauyi, har yau manyan mutane masu gemu na ba da labarinta.

Sai mu zo ga abin da ke sa mutum ya zama haka, domin a nan ne ake gane marubucin da ya yi aiki da wanda ya kwafi siffa kawai. A 1936 masaniyar halayyar ɗan Adam Anna Freud ta fitar da littafi kan hanyoyin da zuciya ke kare kanta, ciki har da wannan: idan wani ji ya fi ƙarfin mutum, yana tsoron a gane shi, sai ya nuna kishiyarsa, kuma ya wuce gona da iri wajen nunawa. Wuce gona da irin nan ne alamar. Wanda bai damu da kai ba, ba ya ɓata lokacinsa kullum yana neman ka da faɗa.

Shirin Hey Arnold! ya ware kashi guda ya zaunar da Helga gaban likitar ƙwaƙwalwa, a nan muka ga asalin abin. Ranar farko da za ta je makarantar yara, iyayenta sun shagala da sauraron yayarta Olga, 'yar lelen gida, tana kaɗa fiyano. Babu wanda ya lura ta fita. Ta tafi ita kaɗai cikin ruwan sama, ta isa jiƙe sharkaf da taɓo. A ƙofar makaranta wani yaro, wato Arnold, ya ɗora mata lemarsa, ya ce ƙyallen da ta ɗaure gashinta da shi ya yi kyau. Shi ke nan. Mutum na farko da ya gan ta. Da sauran yara suka lura tana masa kallon so suka fara yi mata dariya, nan take ta dunƙule hannu. Tun daga ranar ta gane cewa duk wanda ya ga laushinka zai taka, kuma har uban da ya haife ta yakan kira ta da sunan yayarta.

Asuka ta cikin Neon Genesis Evangelion, na 1995, ta fi wannan duhu. Yarinya ce mai baiwa da ta taso a Jamus, mai cika baki, kalmar da ta fi yawa a bakinta ita ce kiran abokin aikinta Shinji wawa. Sai can cikin shirin aka nuna mahaifiyarta ta samu taɓin hankali, ta rungumi 'yar tsana tana kiranta 'yarta, ta daina gane ta gaskiyar, daga baya ta kashe kanta, kuma Asuka ce ta tarar da ita. Yarinyar ta yi wa kanta alkawarin ba za ta sake buƙatar kowa ba. Shirin ma yana da wani kashi da aka sa wa sunan matsalar bushiya, daga wani misali da masanin falsafa na Jamus, Schopenhauer, ya kawo a 1851: dabbobi masu ƙaya a jiki suna jin sanyi, suna son matsowa kusa da juna don ɗumi, amma duk matsowa sai sun soki juna. Abin da nake girmamawa a labarin Asuka shi ne ba a mai da halinta abin ado ba. Ƙayarta ta kori mutane da gaske, ta kuma biya kuɗin hakan da kaɗaici har ta durƙushe.

Wannan ne ya kawo ni inda nake da ƙorafi. Akwai nau'in da ba shi ne ke biyan kuɗin halinsa ba, wani ne ke biya. Ku tuna Boys Over Flowers, shirin Koriya ta Kudu na 2009, wanda aka ɗauko daga labarin zane na Japan da ya fara fita a 1992. Jarumin, Gu Jun-pyo, ɗan masu kuɗi ne. In ya ga dama sai a liƙa wa ɗalibi jan kati a akwatinsa, duk makaranta ta taru a kansa. Haka ya sa aka yi wa yarinyar da daga baya ya ce yana so. Sai shirin ya nuna mana shi ma yaro ne da ya tashi cikin kaɗaici, uwarsa ba ta da lokacinsa, aka sa kiɗa mai taushi, mu kuma aka ce mu yafe. Na yarda ya canza, na kuma yarda shirin na da daɗin kallo, faɗan da babu ruwanka ai daɗin kallo gare shi. Amma akwai tazara tsakanin mai ɓoye so da tsaki da mai sa a wulaƙanta mutum. Ni dai in ina kallo, hannun nake bi, ba na bin baki. Bakin ya faɗi abin da ya ga dama, hannun me yake yi sa'ad da babu mai gani? Helga ta sha taimakon Arnold a ɓoye ba tare da ya san ita ce ba. Wannan ne ya sa muke haƙuri da bakinta.

Wani abin kuma, so hana ganin laifi. A talabijin kyamara ta ba mu tabbaci, mun ga sarƙar da hoton da idonmu. A rayuwa babu mai bin wanda ke zaginka bayan kwandon shara ya dawo maka da labari. Matashiyar da ta sha kallon irin waɗannan shirye-shirye tana iya ɗaukar wulaƙanci ta fassara shi da so, ta yi ta jiran kashi na ashirin inda zai sauko, alhali mutumin babu wata sarƙa a cikin rigarsa.

Kada kuma a ɗauka abin na masoya ne kawai. Wanda ya fi burge ni a cikinsu babu soyayya a lamarinsa ko kaɗan. Dakta Cox ne na shirin barkwancin asibiti, Scrubs, da ya fara a 2001. Babban likita ne, ƙarƙashinsa akwai wani sabon likita, J.D., mai neman uba a aiki ido rufe. Da wuya Cox ya kira shi da sunansa. Yau ya kira shi da sunan wannan mace, gobe da na waccan, ko ya ce masa sabon shiga. Amma duk ranar da mara lafiya ya mutu a hannun yaron, Cox ne ke tsayawa ya koya masa yadda ake ɗaukar wannan nauyi a ci gaba da aiki. Shekara takwas J.D. yana roƙon yabo daga bakinsa, da kyar yake samun ko kalma ɗaya.

A 2009, ranar da zai bar asibitin, ya sake nema, Cox ya sake hana shi. Sai J.D. ya haɗa baki da wata ƙaramar likita, ya yi kamar ya tafi. Ita kuma ta matso kusa da Cox ta ce gara da ya tafi, ai ba wani abin kirki ba ne. Cox ya juyo ya wanke ta tas. Ya ce a duk waɗanda suka ratsa asibitin nan babu kamar yaron, likita ne na ƙwarai saboda ya damu da mutane, kuma abokinsa ne. Yana rufe baki sai ga J.D. tsaye a bayansa, ya ji komai, ya buɗe hannuwa ya ƙanƙame shi. Cox ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa itace, fuska a yamutse, yana jiran a sake shi.