Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Bakin Dutsen Dingli, Malta

Assalamu alaikum warahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. A madadin 'ya'yanka Hausawa mazauna Malta, ɗalibai da 'yan ƙwadago, ina yi wa Mai Martaba da tawagarsa barka da zuwa, sannu da hanya. Uba ya ƙetaro Bahar Rum don ya ga halin da 'ya'yansa suke ciki, yau kam mun san ba a manta da mu ba.

Ranka ya daɗe, da gangan muka baro ɗakin taro muka kawo ka nan bakin dutse. Ƙasar nan 'yar mitsitsiya ce, murabba'in kilomita 316 kacal, amma Allah ya ajiye mata halittun da bai ajiye su a ko'ina ba.

Dubi wancan ɗan tsiron da ya maƙale a tsagin dutse, mai ganye kauri-kauri kamar ƙaramin cokali. Mutanen nan suna kiransa widnet il-baħar, wato kunnen teku. Mai Martaba ya ji kalmar bahar, ita ce dai tamu ta Bahar Rum, domin harshensu jikan Larabci ne. Tun 1971 suka ɗauke shi tsiron da ke wakiltar ƙasarsu. Daga watan Mayu zuwa Yuli yake fitar da fure ruwan shunayya, kuma in ba a duwatsun Malta da maƙwabcinta tsibirin Gozo ba, ko ina ka zaga a duniya ba za ka tarar da shi ya tsiro da kansa ba. Ranar da na fara taɓa ganyensa na ji shi cike da ruwa, alhali dutsen da yake kai ya bushe ƙayau, sai da na yi tasbihi. Masu fasa dutse suna cin gefen mazauninsa, baƙin ciyayi da aka shigo da su suna matse shi, ga tsutsar da ke cinye masa iri tun bai nuna ba.

A ƙasanmu kaɗan, cikin faɗaɗɗun duwatsun can, akwai wani siririn dodon koɗi da masana ke kira Lampedusa melitensis. Duk duniyarsa ɗan wurin nan ne, da ƙyar ya kai filin gida ɗaya. Haka ma ƙaguwar ruwan daɗi, qabru, wadda ke ƙoramun Baħrija da kwarin Lunzjata. Har hotonta suka buga a kwabonsu na senti 5 kafin su koma kuɗin yuro a 2008, amma kullum ruwan da take rayuwa a ciki ƙara janyewa yake.

Gobe in Allah ya kai mu za mu je Dwejra, a Gozo, Sarki ya ga dutsen da ake wa laƙabi da dutsen naman kaza. A 1746 shugaban mayaƙan da ke mulkin tsibirin, Pinto, ya haramta hawansa, ya sa mai gadi, saboda wani tsiro da suke ganin yana tsayar da jini da atuni. Daga baya aka gane ba naman kaza ba ne, tsiro ne mai shan saiwar wani kamar ƙudujinmu, har a Arewacin Afirka ana samunsa. Da takobi suka tsare tsiron da ake samu a wasu wurare, waɗanda ake samu a nan kaɗai kuwa sai da masana suka zo suka nuna musu darajarsu.

Roƙonmu ɗaya ne, ranka ya daɗe. Cikin ɗalibanmu akwai masu karatun ilimin tsirrai, suna son in sun koma gida su bi dazuka da fadamun masarauta su rubuta abin da ke cikinsu, da sunayensa na Hausa, tun tsofaffin da suka san su suna raye. Muna neman albarkar Sarki da goyon bayansa.

Bismillah, Allah ya taimake ka, a matsa kusa a ga furen. A kula da santsin dutsen.