Amsoshin Tambayoyinku: Shin Taɓin Hankali Yana Bin Jini?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ya sanyin Jos? Makon jiya mun kawo muku tarihin Farfesa Kenneth Kendler, likitan ƙwaƙwalwar nan da ya shafe sama da shekara 40 yana bin diddigin gado a ciwon taɓin hankali. Tun ranar saƙonni ke zubowa kamar ruwan Agusta. Likita, sannu da zuwa.

Likita: Yawwa Malam, sannunmu.

Mai gabatarwa: Wani bawan Allah daga Farin Gada yana tambayar ƙasar wannan farfesa. Haba ɗan'uwa, ina jin lokacin ka tashi ɗora shayi! Ba'amurke ne, an haife shi a 1950, kuma tun 1983 yake aiki a jihar Virginia. Sai wata ɗalibar Jami'ar Jos, ta ce me ya sa 'yan biyu ya fi bincika?

Likita: Ai 'yan biyu iri biyu ne, 'yata. Akwai waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya, ƙwayoyin halittarsu duka iri ɗaya, har uwa kan kira Hassana da sunan Hussaina. Akwai kuma na ƙwai biyu, kamanninsu kamar na wa da ƙani. Dukansu gida ɗaya, nono ɗaya, tuwo ɗaya. To in ciwo ya fi haɗa na farkon, ka san jini na da hannu. A 2006 Kendler da abokan aikinsa sun duba 'yan biyu sama da 42,000 a Suwidin kan ciwon damuwa, suka ga tasirin gado kashi 42 cikin 100 ne a mata, 29 a maza. Sauran kuwa abin da rayuwa ta ɗora wa mutum ne: rashi, talauci, duka, wulakanci tun ƙuruciya.

Mai gabatarwa: To ga wadda ta fi yawa. Ta zo daga Bukuru, daga Gangare, daga Unguwar Rogo, amma zan karanta ta wata baiwar Allah daga Rikkos. Ta ce an kawo kuɗin gaisuwarta, sai kawunnanta suka je binciken asali, suka gano ƙanin mahaifin yaron yana da taɓin hankali. Yanzu an ce a mayar da kaya. Ta ce tun ranar abinci ya ƙi shiga bakinta. Likita, a fasa?

Likita: Allah sarki. Malam, kafin in amsa, wannan magana tana tayar mini da tsigar jiki. A Jamus, a 1933, an yi dokar hana masu taɓin hankali haihuwa. Wani likitan ƙwaƙwalwa mai binciken gado, Ernst Rüdin, yana cikin waɗanda suka tsaya mata. An yi wa sama da mutum 300,000 tiyatar dole. Shi ya sa masu wannan fanni a yau suke tauna magana kafin…

Mai gabatarwa: Likita, ka kai mu Jamus, yarinya kuwa tana Rikkos tana jira.

Likita: Gaskiyarka. To a saurara. Mu ɗauki ciwon da muke kira sikizofiriniya, wanda mutum kan ji muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya riƙa zargin ana binsa. A cikin jama'a, kusan mutum 1 cikin 100 yake kamawa. In uwa ko uba na da shi, kusan 10 cikin 100. In kawu ne ko gwaggo, bai wuce 4 cikin 100 ba. 'Ya'yan da wannan yaro zai haifa kuwa sun ƙara nisa da shi.

Mai gabatarwa: Tsaya in maimaita saboda kawunnan nan. Yara 100 da kawunsu ke da ciwon, 96 ba za su yi shi ba?

Likita: Haka ne. Kai ko mahaifi ne, 9 cikin 10 lafiya lau. Hassan da Hussainin ƙwai ɗaya ma, in ya kama ɗaya, kusan rabin lokaci ɗayan yana tsira. Da jini kaɗai ne, ai da ba mai tsira. Gado akwai shi, ba zan ɓoye ba, yana da ƙarfi a wannan ciwo. Tun 1968 binciken Seymour Kety a Denmak kan yaran da aka ba riƙo ya nuna ciwon ya fi bin dangin haihuwa a kan na riƙo. Shi ma Kendler ya bi gidaje a yankin Roscommon na ƙasar Ayalan ya ga ciwon na bin dangi. Amma abin da ake gada sauƙin kamuwa ne. Kamar busasshiyar ciyawa ce a lokacin hunturu, sai an yar da ashana. Wiwi tun ana ɗan saurayi na cikin manyan ashanun.

Mai gabatarwa: Ni dai ra'ayina, iyayenmu, a ji tsoron Allah. A duba yaron: sallarsa, sana'arsa, abokansa, ko yana shaye-shaye. Wane gida ne a garin nan za a tona kaka da kakanni a rasa mai lalura? Masu hawan jini da ciwon suga ba a mayar musu da kaya. Ke kuma 'yar'uwa, ki ci abinci. Ki nemi babba guda da suke jin maganarsa, ku je wurin likita tare, ya ji da kunnensa. Na sake faɗa: 96 cikin 100. Wani malamin makaranta daga Nasarawa Gwom, takardarsa shafi uku, Allah ya saka da alheri Malam, amma jimla ɗaya zan ɗauka. Akwai gwajin jini kafin aure, irin na sikila?

Likita: Babu. Sikila ƙwayar halitta ɗaya ce, AS ya auri AS ka san lissafinka. Nan kuwa a 2014 gamayyar masu bincike ta gano wurare 108 a cikin ƙwayoyin halitta masu alaƙa da sikizofiriniya, a 2022 suka kai 287, kowanne tasirinsa ɗan mitsitsi. Kuma abin da ke cina, yawancin jinin da aka gwada na Turawa ne, alhali bambancin ƙwayoyin halitta ya fi yawa a Afirka. An dai yi wani aiki mai suna NeuroGAP a Habasha, Kenya, Yuganda da Afirka ta Kudu. Mu da muka haifi Farfesa Adeoye Lambo, wanda tun 1954 a Aro ta Abeokuta ya fara ajiye marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ai bai kamata a bar mu a baya ba. Ina ɗalibanmu na…

Mai gabatarwa: Wato duk wanda ya karɓi kuɗinku ya ce zai auna muku wannan kafin aure, ku riƙe aljihunku. Wata uwa daga Dogon Dutse ta ce ɗanta na magana shi kaɗai, an ce aljanu ne, a kai shi gidan mari.

Likita: Hajiya, don Allah kar a sa masa mari. A yi addu'a, a kuma kawo shi asibiti a makon nan, don sammakon magani na da amfani ƙwarai. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncinsa.

Mai gabatarwa: Kuma masu rubuto mana "mahaukaci", ku daina, mara lafiya ne, ɗan wani ne. Wanda ya tambayi auren zumunci daga Tudun Wada, ka yi haƙuri, injiniya na ɗaga mini hannu, da taka za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Likita, mun gode. Jama'a, a huta lafiya.