Haɗin Baki Kan Farashi: Wa Zai Fara Tona Asiri?

Ka shiga Kasuwar Singa, ka tambayi kuɗin buhun sukari a shago biyar, duk su faɗa maka kuɗi ɗaya. Haɗa baki suka yi? Ba lallai ba. Idan wuri ɗaya suka saro, kuɗin mota ɗaya suka biya, farashi zai zo ɗaya ko da ba sa ga maciji da juna. Abin da doka take farauta daban ne: manyan da ya kamata su yi gasa su zauna su yanke cewa kada kowa ya sayar ƙasa da kaza, ko su raba gari, kai riƙe nan ni in riƙe can, ko su rage kayan da suke fitarwa don farashi ya hau.

A ce dillalai uku ne ke riƙe da wani kaya, kowa yana cin ribar naira 500 a buhu, sai suka shirya suka mayar da ita 2,000. Wanda ya iya ya biya, kuɗinsa ya koma aljihunsu. Amma akwai wanda bai iya ba: mai shayin da ya rage saye, mai alewar da ta daina yi gaba ɗaya. Nata kuɗin bai shiga aljihun kowa ba, cinikin ne kawai ya mutu, kuma wannan asarar ba mai rubuta ta a littafi.

Sai dai goron nasu da tsutsa a ciki. Kowane ɗayansu ya san in ya rage naira 200 a ɓoye, masu sayen sauran za su kwararo wurinsa, kuma ya san abokansa ma sun san haka. Ko ƙungiyar OPEC ta ƙasashe masu fitar da man fetur, wadda aka kafa a 1960, Najeriya ta shiga a 1971, ta sha fama da mambobin da ke haƙo mai fiye da kasonsu. Shi ya sa masu haɗin baki ba sa zama haka kawai, sai sun riƙa haɗuwa, suna musayar lissafi, suna sa wa juna ido. A nan suke barin sawu.

Amurka ta haramta wannan tun 1890 da dokar Sherman, amma kama masu yi ya yi wuya, tunda ba a gayyatar shaida wurin irin wannan zama. Dabarar da ta yi aiki ita ce: wanda ya fara zuwa ya tona asiri a yafe masa, sauran su sha hukunci.

Dubi tirelolin da ke lodi a Dawanau, DAF ne, MAN ne, Iveco ne. Kamfanonin da ke ƙera su, tare da Daimler da Volvo/Renault, sun shafe shekara 14, daga 1997 zuwa 2011, suna daidaita farashi a Turai, har da shirya lokacin da za su fito da injina masu rage hayaƙi da yadda za a ɗora wa mai saye kuɗin. A 2016 Tarayyar Turai ta ci su tarar Yuro biliyan 2.93. MAN bai biya ko sisi ba, don shi ya fara kai rahoto. Kamfanin Scania, wanda shi ma yana cikin haɗin bakin, ya ƙi sasantawa, a 2017 aka ci shi tarar Yuro miliyan 880. Wani zai ce ina adalci a sakin ɓarawo don ya nuna abokansa? Tambaya ce mai kyau. Amma daga ranar da aka kafa wannan tsari, duk wanda ya zauna a irin wannan taro yana kallon na kusa da shi yana tunanin ko ya riga shi zuwa.

A Najeriya sai a farkon 2019 aka sa hannu kan dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Mutumin da aka samu da ƙayyade farashi zai iya shan ɗaurin shekara uku, ko tarar da ta kai naira miliyan 10, ko duka biyun. Kamfani kuwa har kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne ƙungiyoyin sana'a. Mu nan ba ma ɓoyewa ake yi ba: a yi taro, a fito da takarda mai sa hannun shugaba da sakatare, daga Litinin kuɗi ya koma kaza, wanda ya saɓa a ci shi tara ko a rufe masa shago. A 2023 da ƙungiyar masu POS ta fitar da farashin bai ɗaya a Legas, FCCPC ta gargaɗe ta cewa hakan ya saɓa doka. Ƙungiya tana da damar kokawa kan tsadar fulawa ko dizal, ta nemi gwamnati ta saurare ta. Hana mamba sayarwa da sauƙi ne ba ta da hurumi a kai, ko da duk mambobin sun ɗaga hannu sun amince.