Hadda Ba Za Ta Fisshe Ka A IELTS Ba

Laccar da aka gabatar wa ɗalibai Hausawa masu shirin kammala digiri a Madina, an rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, ƙannena ɗalibai, Allah ya saka da alheri da kuka fito duk da zafin nan.

Da yawanku idan kun gama a nan kuna son yin digiri na biyu a Ingila ko Maleshiya, wasu ma a nan Saudiyya, a jami'o'in da ake karantarwa da Turanci irin ta Sarki Fahad da ke Zahran. Duk inda ka nufa za a ce maka kawo shaidar Turanci. A nan Saudiyya akwai jarrabawar Turanci ta STEP ta cibiyar Ƙiyas, tambayoyi 100 ne na zaɓi, babu magana da baki. Tana aiki a cikin ƙasar nan, amma wanda zai ƙetare, jarrabawar IELTS ko TOEFL za a tambaye shi. A kan IELTS zan tsaya.

Sassa huɗu ne: saurare, karatu, rubutu, magana. Makin daga 0 zuwa 9 yake, kuma jami'o'in Ingila da yawa 6.5 suke nema a digiri na biyu. Sakamakon shekara 2 yake aiki, don haka kada ka rubuta tun kana aji biyu. Iri biyu ce kuma, ta masu karatu da ta masu aiki ko hijira. Ka duba da kyau kafin ka biya kuɗinka.

To, ga abin da ya sa na amsa gayyatar nan. Ku mutanen hadda ne. Wanda ya haddace Alƙur'ani, ya haɗa da mutunan nahawu da hadisi, gani yake babu abin da zai gagare shi, sai ya samo maƙaloli goma daga intanet ya zuba a ka. Wallahi ina jin takaicin wannan. Masu duba takardar an horar da su gane rubutun da aka haddace, kuma rage maki suke yi. A sashen rubutu minti 60 gare ka: aiki na farko kalma 150, bayanin jadawali ko zane, na biyu kalma 250, ra'ayinka a kan wata mas'ala, kuma nauyinsa ninki biyu ne na na farko. An tambaye ka ko ya kamata gwamnati ta hana motoci shiga tsakiyar gari, kai kuma ka buɗe da doguwar muƙaddima irin ta Larabci, kana yabon ilimi da ci gaban zamani, layi shida ba ka taɓa mota ba. Turancin jarrabawa ba ya son haka. Jimlar farko ka faɗi matsayinka, sannan hujja, sannan misali.

Karatu kuwa, nassi uku ne masu tsawo, tambaya 40, minti 60. Akwai wata tambaya da ke kayar da ɗaliban usulu musamman: a ba ka jimla a ce gaskiya ce, ƙarya ce, ko kuwa nassin bai faɗa ba. Kun saba da istinbaɗi, ku ciro hukunci daga abin da ba a furta ba. A nan ajiye shi za ku yi. Abin da nassin ya faɗa da bakinsa kawai ake so, ko da kai ka san gaskiyar lamarin daga wani wuri. Kuma ba a cire maki don kuskure, saboda haka kada ka bar gurbi babu amsa.

Saurare sau ɗaya ake kunnawa, ba a maimaitawa. Ɗan jinkiri kaɗan kana tunanin tambaya ta bakwai, ta takwas ta wuce. Kuskuren harafi ɗaya a rubuta suna ko rana yana cinye makin.

Magana minti 11 zuwa 14 ce, kai da mai jarrabawa. A tsakiya zai miƙo maka kati da fensir, minti 1 ka shirya, ka yi magana har minti 2 ba tsayawa. Ba a neman ka koma Bature. A fahimce ka kawai. Sai dai mu lura da harafin p, wanda harshenmu ke mayarwa f, abokanmu Larabawa kuma b.

Matsalarku ta gaskiya ita ce shekara huɗu bakinku bai motsa da Turanci ba, daga Larabci a aji sai Hausa a ɗaki. A masaukinku akwai 'yan Gana, Kenya, Indiya, Ingila. Ka samu ɗaya, bayan la'asar ku zauna rabin sa'a, ka ɗora waya ta naɗi muryarka, da dare ka saurara. Za ka ji inda kake cijewa. Haddar taku ku kai ta kan kalmomi a cikin jimlolinsu, can tana da amfani. Tsofaffin tambayoyin da Cambridge ke bugawa ku yi su da agogo a gaba.

Ranar jarrabawa, fasfon da ka yi rajista da shi, shi za ka riƙo, kuma ka tabbata wa'adinsa bai ƙare ba. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu a miƙa masa makirfo.