Lacca: Jakar wasiƙa da dawakan sarkin Ingila

Assalamu alaikum jama'a, na baya ku ɗan matso don lasifikar nan ba ta da ƙarfi. Yau kalmomin turanci na harkar gidan waya za mu tona asalinsu.

Mu fara da mail ɗin nan da ke cikin email. Asalinta ba wasiƙa ba ce sam, jaka ce. A tsohon Faransanci male suke cewa, wato jakar matafiyi, to da aka riƙa zuba wasiƙu a cikinta ana kaiwa gari gari sai sunan jakar ya koma kan kayan da ke ciki, yanzu jakar ta tafi amma sunan na nan a wayoyinku.

Post kuma ni ta fi burge ni. Daga Latin ta fito, kalmar da ke nufin ajiyewa, ta biyo ta Italiyanci da Faransanci. To me ake ajiyewa? Dawakai ne. Ana kafa zango zango a kan hanya, manzo ya iso dokinsa ya galabaita sai ya sauka ya haye wani ya ci gaba da sukuwa, wannan zangon shi ne post. A 1516 sarki Henry na 8 ya ɗora Brian Tuke a kan waɗannan zanguna, kuma fa saƙon fada suke ɗauka, talaka bai samu shiga ba sai 1635 zamanin Charles na 1. Yau yaro ya sa hoto a Facebook ya ce ya yi posting, ko doki bai taɓa hawa ba.

Stamp daga buga ƙafa a ƙasa ne, ta koma buga hatimi. A da mai karɓar wasiƙa shi ke biya, wasu su ƙi karɓa, sai wani Baturen Ingila mai suna Rowland Hill ya kawo shawarar mai aikawa ya biya tun farko, a 1840 aka fito da stamp ɗin da ake manna wa wasiƙa mai suna Penny Black ɗauke da kan Sarauniya Victoria. Mu da muka ga kan mai mulki a jiki ai sai muka ce kan sarki, mun ma fi su gaskiya.

Amma kar ku haɗa da blackmail, mail ɗin can daban ne, yana nufin haraji. Kuɗi ne da manoman iyakar Ingila da Scotland ke biyan ɓarayin shanu don a bar su su zauna lafiya. Wannan kam ba sai na yi muku dogon bayani ba.

Malam na ga ka ɗaga hannu, bismillah.