Sharhi: Kuɗin ƙaramar hukuma, a ƙirga mutane kafin a ƙirga naira

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan kuɗin ƙananan hukumomi ne, musamman na cikin birnin Kano.

Kun dai tuna ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya kai gwamnoni 36, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ba sai an bi ta asusun haɗin gwiwa ba, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. An yi murna, mu ma mun yi, duk da an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Kason kuma ba kaɗan ba ne, kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, ga shi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai.

To amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, ko gobe da safe kuɗin nan suka faɗo asusun ciyaman cas, da wane lissafi zai kashe su? Rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006 fa. Jaririn da aka raɗa wa suna a shekarar yau ya isa kaɗa ƙuri'a. Ku je Rijiyar Zaki ko Bachirawa a Ungogo, ku je Sheka a Kumbotso, wuraren da muka sani gonakin gero da dawa yau gidaje ne maƙil har ba masaka tsinke, amma firamare tana nan yadda take, asibitin sha-ka-tafi yana nan da ɗakunansa biyu uku, maƙabarta ta cika ana neman inda za a sa mutum.

Kwanaki na raka wata 'yar uwata awon ciki wani asibitin unguwa, tun bayan asuba mata sun yi layi da katinsu a hannu, benci biyu ne kacal sauran suna zaune a ƙasa kan gefen zaninsu, ma'aikaciya ɗaya ita ce mai awo ita ce mai rubutu ita ce mai ba da magani, ruwan da za ta wanke hannu ma sai da aka kira ɗan garuwa. Wallahi baiwar Allahn nan tana iya ƙoƙarinta, wanda ya tsara mata aikin ne bai san mata nawa ke haihuwa a unguwar ba.

Alhali tsarin mulkin 1999 a jadawali na huɗu ya zayyana aikin ƙaramar hukuma ɓaro-ɓaro, kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, banɗakunan jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a firamare da lafiya matakin farko. Albashin malamai da ma'aikata kan lashe kaso mai tsoka, wannan gaskiya ne, shi ya sa ɗan abin da ya rage bai kamata a kashe shi da ka ba, ko a ɗauko kasafin bara a canja shekara a ƙara fentin sakatariya da rabon babura. Sannan harajin da ake karɓa kullum a hannun mai kayan miya da mai shayi da ɗan tebur, ana yanka musu rasit, nawa ake tarawa a wata? Mai biya yana da haƙƙin ya ji.

Kuma ba sai an jira Abuja ta yi ƙidaya ba. Mai unguwa ya san gidajensa, hedimasta ya san yara nawa ke zaune a ƙasa, ungozoma ta san haihuwa nawa ta karɓa, masu haƙan kabari sun san filin da ya rage. Jihar Kano mazaɓu 484 gare ta, kowacce da kansilanta. A zauna a filin firamare kafin a rubuta kasafi, a ware wa mata nasu zaman don su ne ke kwana da mara lafiya su ne ke neman ruwa, a ji wace kwata ce ke cin gidaje duk damina, wace rijiyar burtsatse ce ta mutu, sai a jera su bisa wanda ya fi matsa wa mutane.

Ranku ya daɗe ciyamomin Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, roƙonmu ku liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita duk wata a bangon sakatariya, da Hausa, boko da ajami. Wanda ya aiko mana da tasa takardar za mu karanta ta a wannan fili layi-layi jama'a su ji.